Zafi Biyu a Bakin Banda

Tamada ta tsufa tana bandar kifi a Wara, wuta ba ta taɓa korar ta ba. Amma da al'adarta ta ɗauke, sai wata wutar ta taso mata daga cikin jiki. Zafi ya hau ƙirji ya kai fuska, gumi ya jiƙa zane, ta ruga bakin gulbi ta watsa ruwa, kafin ta dawo kifin mutane ya ƙone. Masunta suka fara kai kamunsu wurin wasu mata. Sana'a na neman kuɓuce mata, abin ya ci mata rai ƙwarai.

Wata likita a Yelwa ta duba ta, ta rubuta mata magani, ta faɗa mata amfaninsa da haɗarinsa, ta ce ta riƙa dawowa ana dubawa. Tamada ta samu sauƙi, masunta suka dawo.

Sai dai ƙwayoyin a jere suke a kati, sak na hana haihuwa. Wata maƙwabciya mai dogon wuya ta hango katin, nan da nan labari ya zaga gari. Ɗanta Rabi'u kuwa kansila yake nema, kuma da zagin irin waɗannan ƙwayoyin yake tara jama'a, wai Turawa ke son ƙarar da mu.

Ranar kasuwa ya iske ta bakin banda, 'yan rakiya na biye da shi.

"Inna, ki jefa wanga abu gulbi. 'Yan hamayya na cewa uwata na shan maganin hana haihuwa."

"Wace haihuwa, Rabi'u? Ka je ka tambayi likita aikinai?"

"Ki dai yi haƙuri har a ƙare zaɓe."

"Zafin ga ya san zaɓe? Da kifina ke ƙonewa, ban ga kun zo da rakiya ba."

Ta kwance haɓar zane, ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta ɗaga kowa ya gani, ta kora da ruwa. Rabi'u ya tsaya da babbar rigarsa cikin hayaƙi.

Larai, mai bandar da ke kusa, ta share gumin da ke zuba a wuyanta, ta ɗaga murya yadda 'yan rakiya za su ji.

"Tamada, wace rana likitar taki ka zama?"

"Litinin. Jirgin safe za mu shiga," in ji Tamada, ta juya kifinta.