Kumburin da Mati Wanzami Bai Tsaga Ba

Ranar kasuwar Sandamu, Mati wanzami yana wasa aska a gindin tsamiya, sai ga wani makiyayi goye da yaro, an lulluɓe masa fuska. Da aka yaye mayafin, Mati ya ajiye askar. Muƙamuƙin yaron ya kumbura har ya ture haƙora, ido ɗaya ya kusa rufewa.

"Audi nake, daga Mai'adua," in ji makiyayin. "An ce 'yarka ta yi irin wannan, kai ka warkar da ita. Don Allah ka yi wa ɗana sakiya."

Haka ake ta yaɗawa, gogan naka kuwa bai taɓa cewa e ba, bai ce a'a ba. Wa ke ƙin yabo? Alhali bara da ciwon ya kama 'yarsa Kubura, ya gasa ƙarfen sakiya, ya kasa, ya ajiye. Da sunan ziyara ya sa ta a mota zuwa wani asibiti can kudu, wanda masu taimako ke ɗaukar nauyinsa, inda likitoci ke binciken wannan ciwon dajin na yara. Suka ɗebi jininta, suka yi ta yi mata allura ta jijiya. Ta sha amai, gashi ya zube, amma kumburin ya sace. Yaron da ke gadon kusa da ita kuwa, wanda aka kawo a makare bayan an tsattsage shi a gida, bai fita da ƙafarsa ba.

Ga 'yan kasuwa sun kewaye su, har da Badaru, wanzamin da ya daɗe yana neman ƙwace masa masu aski. Wanzami ɗan wanzami ya buɗe baki ya ce ya kasa a cikin gidansa? Kai, da nauyi!

Mati ya dubi yaron, ya ƙwala wa Kubura kira daga inda take tallar gyaɗa.

"Faɗa wa bawan Allahn nan wanda ya warkar da ke."

"Allah ne, sai allurar asibiti," in ji ta. "Baba riƙe ni kawai yake yi in za a yi."

Badaru ya tuntsure da dariya. "Ashe dai wanzami ba ya son jarfa!"

Kubura ko kallo bai ishe ta ba. Ta durƙusa gaban yaron, ta zame ɗankwali. "Gashinka zai zube, kada ka yi kuka. Dubi nawa, har an yi mini kitso."

Wani irin daɗi ya cika Mati, har idonsa ya kawo ruwa. Tasa ce wannan, a gaban kowa!

Ya rataya zabira. "Malam Audi, tashi, kada motar Daura ta tafi ta bar mu. Ni zan kai ku asibitin, na san hanya."

"Mu fa da muke jiran aski?" wani ya tambaya.

"Ga Badaru nan," in ji Mati. "Ya iya."