Lasifika a Bangon Dogo

"Ɗaga shi sama kaɗan, Baba," in ji babban ɗan Dogo daga bakin ƙofa.

Kafinta bai ɗaga ba. Yana durƙushe a gefen gadon maƙwabcinsa, ya danna ƙarfen rataye lasifika a bango yana sa alama da fensir. "Ubanka da kunnen hagu kawai yake ji," ya ce. "In na kai lasifikar sama, silin ne zai saurari labarai?"

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakaninsa da Dogo, tsohon direban babbar mota mai musun tsiya. Kwana tara ke nan Dogo na kwance a asibiti, kullum kuwa sai Kafinta ya je sun taɓa gardama. Yau ma har ya sa takalmi, ɗan ya tare shi da ƙaton kwali.

"Jibi za a sallame shi, Baba, jiki ya yi kyau. So nake ya dawo ya tarar an kafa masa waɗannan. Zuwa asibiti ai ba ya wucewa."

Daɗi ya kama Kafinta har bai tsaya dogon tunani ba. Lasifika biyar ce a kwalin, da wata ƙatuwa ta ajiyewa a ƙasa. Kayan kafawar kuwa na araha ne: 'yan ƙarafan ratayewa da hannu ma zai lanƙwasa, da sukurori, da robobin cusawa a rami. Ya watsar da robobin, ya fiƙe guntayen katako ya buga a ramukan, don ba zai yarda wani abu ya faɗo a kan abokinsa ba.

"Wai mai kunne ɗaya me zai yi da lasifika biyar?" ya tambaya yana dariya.

"A dai burge shi."

Wayar ɗan ta yi ta ƙara, yana kashewa. Kafinta ya gani, ya ce a ransa 'yan zamani sai su.

Yana ɗaure sukuron ƙarshe bayan azahar, ƙanwar ɗan ta faɗo ɗakin, mayafi a hannu, idanu jajur. Ganin Kafinta ta yi turus.

"Baba, kana nan? Babanmu ya rasu! Tun asuba sunanka yake kira. Jiya likita ya ce ba zai kai ko'ina ba, na ce wa Yaya ya taho da kai da sassafe."

Kafinta ya yi salati. Ya juya a hankali ya dubi ɗan.

"Ka sani?"

Ɗan ya sunkuyar da kai, yana murza wayarsa. "Ko ka je me za ka yi masa, Baba? Ɗakin ni zan dawo ciki. Daga gobe kuma wa zai yarda a huda bango a gidan makoki?"

Kafinta ya dubi lasifikokin da ya kafa a bango. Shi ne ya ƙera wa wannan ɗan gadon jarirai, shi ne ya raba shi da bulalar ubansa ba sau ɗaya ba. Yau ga shi an yi masa wayo da abokinsa, an ba shi bango yana hudawa, Dogo na can yana duban ƙofa. Kafinta ya ajiye sukundireba a kan katifa ya fita.

Bayan la'asar aka kai Dogo. Ɗan ya tsaya a gaba yana karɓar gaisuwa, ya miƙo hannu, Kafinta ya wuce shi. Ya tsuguna a bakin kabarin ya ɗebi ƙasa, sai ya ga hannunsa fari fat da garin bango har gwiwar hannu. Bai kakkaɓe ba, haka ya zuba.