Sojojin Mai Firiji

Yana tsugune a bayan wata tsohuwar firiza yana liƙe bututun gas da ya tsage, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaba. Mai Firiji ya kashe wutar walda, ya goge hannu a jikin wando, ya ciro ta. Jerin sunayen sababbin ministoci ne Shugaban Ƙasa ya aika wa Majalisa don a tantance. Ya bi su da babban yatsa har ya zo kan ma'aikatar tsaro. Sunan da ke wurin ba nasa ba ne. Wani ne wai shi Tauraro.

Ya sake karantawa, ko idonsa ne ya yi masa gizo. Bai yi ba. Ya ajiye wayar a kan firizar da ƙarfin da ya sa murfin ya amsa.

Ƙasar da ake magana a kanta ba ta da ko taku ɗaya na turɓaya. Wasa ne a intanet. Mutum sittin da 'yan kai ne, kowa da sana'arsa a waje, suka haɗu a wani zaure suka kafa jamhuriya, da tsarin mulkinta, da zaɓe duk wata huɗu, da Majalisa mai kujeru goma sha uku, har da jarida. Akwai mutum uku masu kula da wasan, su ne ke jefo wa ƙasar masifu: yau ambaliya, gobe yajin aiki, a ga yadda gwamnati za ta yi. Yayan Mai Firiji, malamin lissafi, shi ya shigar da shi shekara biyu da suka wuce. Da farko dariya ya riƙa yi. Daga baya abin ya shiga jininsa.

Lokacin da ya shigo, rundunar sojan ƙasar ta daɗe da mutuwa. Sunaye arba'in da ɗaya ne a rajista, amma ɗakinsu na zauren ya yi wata goma sha ɗaya ba wanda ya ce uffan. Ranar da masu kula da wasan suka sanar da cewa maƙwabciyar ƙasa ta tsallako iyaka, ba a samu ko kurtu ɗaya da zai amsa ba, aka yanke larduna biyu daga taswira. Mutane suka yi ta barkwanci. Shi kam kunya ce ta kama shi, irin ta wanda aka shiga gidansu da rana tsaka aka ɗauke ƙofa.

Shugaban yanzu, a lokacin yana ɗan takara, shi ya rubuto masa da kansa: "Ka tayar da su, Mai Firiji. In na ci, kujerar tsaro taka ce."

Wata uku ya yi yana bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya manta lambar sirrinsa. Wani ya ce ya girma da wasan yara. Wani kuma matarsa ce ta amsa, ta ce ya rasu tun bara, Mai Firiji ya zauna a bakin shago ya kasa komawa aiki har rana ta karkata. Da lallashi da naci ya dawo da mutum goma sha bakwai. Ya rubuta tsarin rundunar, shafi tara, a kan wayarsa mai fasasshen gilashi, tsakanin wannan gyara da wancan. Ya sa atisaye kowace Asabar da ƙarfe huɗu. Suka ƙwato lardi ɗaya. Sai ga shi yau an kawo wani Tauraro, wanda ko sati uku bai yi da shigowa ba.

Ya rufe shago tun kafin lokaci ya nufi makarantar da yayansa ke koyarwa. An tashi, ajin babu kowa sai Yaya a kan tebur da tulin takardun jarrabawa da jan biro. Yaya ɗan Majalisa ne, yana da ƙuri'a, kuma sunansa na cikin jerin, a gurbin ministan ilimi.

"Yaya, ka gani?"

"Na gani, Auta. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka sani tun kafin a fitar?"

Yaya ya rufe biron. "Na sani tun shekaranjiya."

"Shekaranjiya. Jiya muna tare a wurin Mama, ka ci abinci kusa da ni, ka tambaye ni lafiyar yara."

"Tauraro abokin aikin Shugaba ne, ofishinsu ɗaya. Shugaba ya ce in ba a ba abokin nasa tsaro ba, gwamnati ba za ta tsaya ba. An yi shawara a jam'iyya."

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe riba ke nan. Ni na bi gida gida. Shi me ya yi? Ya san sunan soja ɗaya?"

"Auta, wasa ne fa."

Wannan kalmar ce ta fi yi masa ciwo. "In wasa ne, me ya sa ka karɓi ilimi? Ka ce musu wasa ne mana, su ba wani. Tun muna yara haka kake. In abin naka ne, gaske ne. In nawa ne, sai ya zama wasa."

Yaya ya jawo wata takarda ya buɗe biro. Mai Firiji ya fita, ya bar ƙofar ajin a buɗe.

A gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki a falo, allura a baki. Ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Baban yara, wa ya taɓa ka? Ko an sake cin ƙasar taku da yaƙi?"

Ya zayyana mata komai yana kai da kawo tsakanin kujera da taga.

"Ƙasar da in caji ya ƙare take nutsewa," in ji ta. Da ta ga bai yi dariya ba, sai ta cire allurar daga baki. "Amma dai ba su kyauta ba. Ni na ga wahalar da ka sha, har abinci ke hucewa a gabanka. Ka je ka faɗa musu gaskiya ido da ido, in sun ƙi ji ka bar musu kayansu."

Ranar Asabar da yamma aka zauna tantancewa. Yana shago, ya jingina da wata firiji marar ƙofa, wayar a hannu biyu. Kakakin Majalisa wata ma'aikaciyar jinya ce da ake kira Allura, mace marar ɗaukar wargi. Ministoci biyar suka wuce lami lafiya, har da Yaya. Da aka zo kan tsaro, ta nemi Tauraro ya gabatar da shirinsa.

Cikin daƙiƙa kaɗan sai ga dogon rubutu ya sauko. Mai Firiji ya karanta layin farko ya ji kansa ya sara. Nasa ne. Shafi taran nan ne da ya tura wa Shugaba, ba a canja ko waƙafi ba, sunan da ke sama kawai aka cire.

Ya rubuta: "Ranki ya daɗe, a matsayina na kwamandan runduna ina neman izinin tambaya ɗaya."

"An ba ka."

"Ina so mai girma ɗan takara ya yi wa Majalisa bayanin layi na huɗu a shafi na shida."

Kowa ya koma ya duba. A tsakiyar bayanin yadda ake ƙarin girma ga hafsoshi, ga abin da ke rubuce: Firizar mai kifi, Alhamis, a zo da kwampresa. Tunatarwa ce da ya rubuta wa kansa wata rana yana tsakiyar aikin, ya manta bai goge ba.

Zauren ya kaure da dariya. Wani ɗan Majalisa ya tambaya ko kwampresa sabon makami ne. Allura ta tsawatar, sannan ta ce, "Tauraro, kai ka rubuta wannan shirin?"

Tauraro ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa. Sannan: "Shugaba ne ya ba ni, ya ce takardar gwamnati ce."

Shugaba ya shigo ya ce ai duk abin da aka rubuta wa ƙasa na ƙasa ne, kuma a daina mayar da Majalisa kasuwa. Aka shiga ƙuri'a, ana kiran suna ɗaya ɗaya. Shida suka amince, shida suka ƙi. Saura Yaya.

Mai Firiji ya zuba wa gilashin ido. Alamar nan ta cewa mutum yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Na amince."

Mai Firiji ya miƙe ya hankaɗa akwatin kayan aiki da ƙafa, sifanu da ƙusoshi suka watse har bakin titi. Mai shagon taya da ke kusa ya leƙo, ya ga fuskarsa, ya koma.

Bai gama tsince su ba sai ga saƙo a ɗakin sojoji daga mataimakinsa, wani direban babbar mota da kowa ke kira Direba. "Kwamanda, ka karanta sashe na talatin." Ya karanta. Sashen ya ce idan kashi biyu cikin uku na sojojin da ke bakin aiki suka sa hannu cikin awa ɗaya, masu kula da wasan za su amince an yi juyin mulki. An rubuta shi ne tun farkon kafa ƙasar, ba wanda ya damu ya soke shi, don wa zai ji tsoron rundunar da ke kabari?

Da ya kwana a kan maganar, wataƙila da bai yi ba. Amma zuciya ta riga ta hau wuya. Ya rubuta: "Duk mai tare da ni ya sa suna." Cikin minti ashirin mutum goma sha huɗu suka sa.

Kafin rana ta faɗi ya zama Shugaban Mulkin Soja. Ya rushe Majalisa. Masu kula da wasan suka miƙa masa ikon rufe bakin wanda ya ga dama na kwana talatin. Ya rufe na Shugaba, ya rufe na Tauraro. Ya tsaya a kan sunan Yaya, sannan ya danna.

Ranar farko zauren ya cika maƙil, masu zagi da masu kirari. Ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Rana ta uku hamɓararren Shugaba ya buɗe wani zaure dabam ya tafi da mutum ashirin da biyu. Rana ta biyar Allura ta rubuta: "Na shigo nan ne don in yi gardama a saurare ni. Masu ba ni umarni ina da su a wurin aiki, sun ishe ni." Ta fita. Mai jarida ya daina bugawa, ya ce ba labari. Mai Firiji ya fitar da dokar soja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ba wanda ya karya su, don ba kowa. Zuwa rana ta goma sojojin ma sun fara zamewa. Direba ya ce yana kan doguwar hanya, sai ya dawo.

Ranar Lahadi da safe ya tafi gidan Yaya. Ya same shi a tsakar gida yana wanke babur, ya naɗe ƙafar wando, kumfa har gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, Janar," in ji Yaya ba tare da ya ɗago ba.

"Na buɗe maka baki tun jiya. Ka dawo, zan kira zaɓe."

"Na goge abin daga wayata."

"Kai ka jawo, Yaya. Ka ga satar ƙiri-ƙiri, kowa ya gani, ka ɗaga hannu ka ce ka amince."

Yaya ya jefa soson cikin bokiti, ruwa ya fantsamo. "Shugaba ya rantse in aka kayar da abokinsa zai kwashe mutanensa ya tafi. Shekara biyar ina cikin ƙasar nan, tun muna mu takwas. Na ce bari Auta ya haɗiye wannan, wata huɗu ne, a yi zaɓe mu gyara. Ka tsaya ka ji? Ga shi abin da nake gudu kai ka yi shi da hannunka."

"To me ya hana ka faɗa mini haka a aji? Sai ka ce wasa ne."

"Da na faɗa za ka ji?"

"Da ka gwada. Kullum kai ke yanke abin da zan iya haɗiyewa, ba ka taɓa tambayata ba."

Yaya ya share kumfar hannunsa a jikin wando. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce a shigo a sha shayi, ba wanda ya motsa. Can Yaya ya ce, "Wannan kam na yi kuskure. Amma kai ka rufe wa yayanka baki a gaban mutum sittin. Ba zan dawo ba."

Mai Firiji ya juya ya fita, ransa a ɓace kamar yadda ya shigo, sai dai yanzu bai san wa zai ɗora wa dukan laifin ba.

Ya kira zaɓen a ƙarshen wata. Mutum goma sha huɗu suka jefa ƙuri'a. Bai tsaya takara ba. Allura ta dawo bayan ya roƙe ta sau uku, ita ta ci, kuma dokar farko da sabuwar Majalisa ta yi ita ce soke sashe na talatin. Ba ta ba shi tsaro ba, ta ce ƙasa ba za ta naɗa wanda ya yi juyin mulki ba, ko da shi ne mai gaskiya a farkon rigimar. Ya ji haushi sosai, ya yi kwana biyu bai shiga ba, rana ta uku ya koma a matsayin kurtu.

Yaya bai dawo ba. Suna haɗuwa a wurin Mama duk ƙarshen mako, su gaisa, su yi zancen ciwon ƙafarta da makarantar yara. Sau ɗaya ta tambaye su abin da ya shiga tsakaninsu, kowa ya dubi wani gefe, Yaya ya ce ba komai, gajiyar aiki ce.