Tsaga a Ƙwaurin Ƙasimu

Tun ranar da aka liƙa takardar ɗaukar jandarma a ƙofar ofishin hukuma na Dogarawa, Ƙasimu bai ƙara kallon taubashinsa Tanimun da idon rahama ba. Takardar ta ce nan da wata biyu za a yi gwaji a Konni: likita ya duba jiki, sannan a yi gudun kilomita takwas, a ɗauki goma sha biyar na farko. Goma sha biyar fa, ba ɗaya ba. Shekarar 1988 ce, kuma shekarun Ƙasimu sun kai gaɓar da in ya rasa bana, baɗi ba za a karɓi takardunsa ba, sai ya koma wa gona har tsufa.

Ba wai bai iya gudu ba. Ya iya, har ya fi da yawa daga samarin garin. Abin da ke ci masa rai shi ne Tanimun, ɗan Goggo Tsahara, ya ɗara shi. Tare suka shiga lakwal, wato makarantar boko, tare suka fito, amma duk abin da Tanimun ya taɓa sai ya zo masa a sauƙaƙe. In yana gudu sai ka ce aikensa aka yi bakin kasuwa. Mutanen gari kuma ba su iya yabo a ɓoye ba. Da ya gifta majalisa sai ka ji wani ya ce, "Ɗan Tsahara kam ya riga ya sa kaki." Ba wanda ya taɓa faɗin haka a kan Ƙasimu, kunnensa kuwa a buɗe yake. Hassada ta kama shi, irin wadda mutum ke ci da ita, ya yi salla da ita. Shiga cikin sha biyar ɗin ta daina isar sa. Shi dai ya riga Tanimun isa, kowa ya gani.

Sai ya raba hanya da shi. Tanimun kan bi turbar rairayi ta cikin gonakin da aka girbe, sau ɗaya a rana, ranar Juma'a ya huta. Ƙasimu ya sayo takalmin kambas mai siririn ƙasa a kasuwar Konni, ya hau kwalta, wadda a can ake kira gudoro, ya nufi wajen Malbaza, safe da yamma, yana bin duwatsun kilomita. Cikin mako guda ya tashi daga biyar ya kai goma sha biyar.

Kwana goma aka yi ƙwaurinsa ya fara magana. Ciwo ne a gefen ƙashi ta ciki, ƙafa biyun duka. Da farko in jiki ya yi zafi sai ya lafa. Daga baya ya ƙi lafawa, har in ya danna wurin da babban yatsa sai ƙwalla ta kawo. Zaman tahiya ma ya zama aiki.

Wata safiya Tanimun ya tarar da shi a bakin tasha yana ɗingishi.

"Kai bawana, mi ya samu ƙahwahun?" in ji Tanimun yana dariya. "Gudoro na mota na, kai ko ba ka da taya. Ka huta kwana goma, ka taho mu bi rairai, in koya maka yadda manya ka yi."

Wasan taubashi ba a fushi da shi, kowa ya sani. Ƙasimu ya yi dariyar haƙori, ya ce, "Bawa ka hutawa, ubangijinai ba shi hutawa." A ransa kuwa cewa ya yi: wato in kwanta kai ka yi gaba. Shawarar gaskiya ce aka ba shi, amma ta fito daga bakin da ba ya son ji.

Da ciwon ya hana shi sakat, ya je wurin Mamman Sani, malamin asibitin garin, wanda ake kira Majo. Majo ya bi ƙwaurin da yatsa, ya ce ƙashi bai tsage ba, naman da ke manne da shi ne ya gaji da dukan kwalta. Magani shi ne hutun mako uku, tsumma mai ruwan randa safe da yamma, a riƙa ɗora ƙafa bisa matashi, sannan a koma gudu sannu sannu a kan rairayi.

"Da sauran lokaci, samari, za ka warke kahin ranar," in ji Majo. "In ka tashi komawa ka bi ɗan Tsahara, shi ya san kan abin."

Da ya tsaya a maganar farko da ya taimake shi. Wannan ta ƙarshen ita ta ɓata komai.

Kwana huɗu Ƙasimu ya daure. Rana ta biyar yana zaune a ƙofar gida, ƙafafu naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga Tanimun ya dawo daga gudu, gumi na sheƙi a wuyansa, ya ɗaga masa hannu ya wuce ko haki ba ya yi. Ƙasimu ya ji kamar an watsa masa barkono. Ya kwance tsumman ya jefar, ya nufi gidan Dogo wanzami.

Dogo ba macuci ba ne. Abin da ya gada shi yake yi, kuma bayan manoma da yawa ya miƙe a hannunsa. Ya duba ya ce, "Mataccen jini na ya taru. A hidda shi." Ya wasa aska, ya yi tsaga shida a kowane ƙwauri, ya kafa ƙaho ya zuƙe, ya shafa garin magani. Jini baƙi ya fito, Ƙasimu ya dube shi da farin ciki, a ganinsa ciwon ne kwance a cikin kasko.

"Sati guda kak ka yi gudu," in ji Dogo.

Ka ji, har wanzami hutun ya ce. Ƙasimu kwana biyu ya yi, ya ɗaure ƙwauri da ƙyalle ya koma kwalta. Gumi ya shiga tsagar, ta kumbura, ta fara ruwa. Ciwon ƙashin kuma yana nan inda yake, sai ma abin da ya ƙaru. Ya riƙa sa dogon wando don kada a gani. Saura mako guda a yi gwaji ya koma wa Dogo, ya matsa masa har ya sake tsaga a gefen ta farko, wai jinin bai gama fita ba.

Ranar gwaji samari suka cika filin a Konni, daga Tsarnawa, daga Illela, daga ƙauyukan da Ƙasimu bai taɓa jin sunansu ba. Aka ce kowa ya tuɓe sai gajeren wando, a yi layi. Likitan soja ya duba idonsa, ya saurari ƙirjinsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi ƙasa. Ya sa aka kwance ƙyallen, ya danna gefen ƙashin, Ƙasimu ya zabura.

"Da wannan ƙafa za ka sa takalmin but?" in ji likita. "Da ciwon ƙashin kaɗai ne, hutu ya isa ya warkar da shi tuni. Je ka yi jinyar miki."

"A bar ni in yi gudun, mon dokter, ku gani da idonku."

Likita ya ja layi a kan sunansa, ya kira na baya.

A gindin wata bishiya ya kalli gudun. Ba zan rufa masa asiri ba, har a lokacin addu'ar da ke ransa ita ce Tanimun ya yi tuntuɓe. Bai yi ba, na huɗu ya zo. Na goma sha biyar kuwa wani gajere ne da ya shigo yana jan ƙafa, irin gudun da Ƙasimu na wata biyu da suka wuce zai yi yana hira.

Aka ce waɗanda aka ɗauka ba za su koma gida ba, da safe mota za ta kwashe su. Tanimun ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya dubi ƙwaurin, ya kau da kai.

"Ƙasimu, don Allah ka kai ma Inna labari," ya ce a hankali. "Ba ni son ta jiya ga bakin wani."

Da la'asar motar haya ta sauke shi a Dogarawa. Ya taka a hankali har gidan Goggo Tsahara, ya tarar tana sussuka. Ba da son ransa ya zo ba, amma saƙo saƙo ne.

"Goggo, albishirinki."

Ta saki taɓarya. "Goro!"

"An ɗauki Tanimun."

Ta rangaɗa guɗa, matan maƙwabta suka fara shigowa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro farin goro, ta damƙa masa, ta riƙe hannunsa da nata biyu.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Tun kuna ƙanana na san kai mai son ɗan'uwanka na. Yi maza ka hwaɗa ma baffanninka, da bakinka nika son su jiya."

Ƙasimu ya ce to. Ya juya da goron a hannu, yana ɗingishi, ya nufi gida na gaba.