Wa Ke Sace Mini Kalaba?

Yaya Fauziyya, na gan shi! Wallahi da idona na ga ɗana a allon matanite, asibitin haihuwa, yatsa a baki yana tsotsa, wata shida cif. Amma tsaya in fara miki daga farko, don saura kaɗan in yi wa baiwar Allah sharri.

Kin san cikin fari ne, ban faɗa wa kowa a gidan hayarmu ba, kullum ina cikin zumbulelen hijabi. To tun wata huɗu kwaɗayin kalaba ya kama ni, farar ƙasar nan da ake sayarwa a bakin kasuwa. Ina ɓoye ta a gwangwanin madara bayan murhu, in gatsa, in mayar.

Sai ta fara ɓacewa. Kuma wadda na gatsa, mai yawuna a jiki! Yaya, me mutum zai yi da abin da yawun mai ciki ya taɓa in ba asiri ba? A kwanakin nan ne kuma jiri ya sa ni gaba, in na hau bene zuciyata kamar za ta fito. Na ce shi ke nan, ɗana ake nema.

Zargina ya tafi kan Maman Hanane, maƙwabciyarmu 'yar Djougou mai sayar da atamfa. Murhunmu ɗaya. Kullum idonta a kaina. Ran nan ma har ta ce, "Ƙanwata Rufaida, mutumin naki yana motsi kuwa?"

Na ce, "Wane mutum?"

Ta ce, "Wanda ya sa hijabinki ya fara gajarta ta gaba."

Na daina cin abincinta. Na zuba gari a ƙasa gaban murhu. Da hantsi na dawo daga wanki, ga sawun silifas ɗinta ɓaro-ɓaro, gwangwani wayam!

Na zari jakata na fice. Na tari zem, wato ɗan acaɓa, sai matanite, ina kuka ina cewa a duba mini ko yana da rai. Madam ungozoma ta ɗora na'ura, sai ga bugun zuciya, fat-fat-fat, da sauri. Ta ce yanzu har muryata yana ji. Sannan ta ja fatar idona ƙasa, ta ɓata rai.

"Jininki ya yi ƙasa. Ke ce mai kalabar, ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce wata mai atamfa ta zo tun makon jiya tana tambaya ko kalaba na cutar da mai ciki, an ce mata tana hana maganin ƙarin jini aiki. Ita mai atamfar ta ce ta taɓa rasa ɗa a haka, shekara tara da suka wuce.

Da na dawo na tarar da Maman Hanane tana gyaran alayyafon miya. Na ce, "Maman Hanane, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Yaya zan yi wa wadda ba ta da ciki faɗan ciki?"

Na ci miyar, har da ƙari. Amma har yanzu ban gano wa ya nuna mata gwangwanin ba, kuma maigidana sai kauce wa idona yake.

Don Allah ki gaya wa Inna jikanta lafiya lau, yana harbi. Zancen kalabar kuma ki kai wa ƙanwarmu Lantana, na ji ita ma ta fara sa babban hijabi.