Simintin da ke Narkewa a Ƙafar Auta

Ni magini ne, shekara ashirin ina kwaɓa siminti. Ranar da likita ya ce akwai rami a ƙashin ƙafar Auta, 'yata ta ƙarshe, nan take na ce a yanki nawa ƙashin a cike mata. Kawunta, ƙanen matata da ke aiki a ɗakin gwajin jini, ya yi murmushi.

"Haba Yaya, ba sai an yanka ka ba. Akwai wani farin gari, sinadarinsa irin na ƙashi ne. Shi za a zuba."

Aka bi tasa. Tun daga ranar komai sai "Kawu ya ce". Ni ke goya ta zuwa banɗaki, ni na naɗa wa sandarta tsumma don kar ta goge mata hammata, amma da ciwon ƙafar ya motsa, Kawu take nema a waya.

Bayan wata huɗu muka koma ɗaukar hoton ƙafar, kawun na tare da mu. Likita ya jera tsoho da sabo a jikin fitilar bango. A tsohon, garin fari fat, gefensa a tsaye kamar bulo. A sabon ya dushe, gefen ya zaizaye. Na tsorata. Kuma Allah ya yafe mini, can ƙarƙashin tsoron na ji wani ɗan daɗi.

"To ga shi nan!" na ce wa kawun. "Simintinka na narkewa. Da nawa ƙashin aka sa..."

"Baban Auta, zauna," in ji likita. "Don ya narke aka yi shi. Jiki na cin sa a hankali, yana gina nasa a gurbin. Wannan hazo-hazon sabon ƙashi ne. Da ya narke kafin ƙashi ya taso, da mun damu."

Na daɗe ina kallo. "Wato katakon tokara ne. In rufi ya kama, a cire shi."

"Ka fi ni iya faɗa," in ji shi.

Na fito da saurina. Auta na kan benci ita da mamarta. Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, har da hannu.

"Ai na sani, Baba. Kawu ya zana mini tun kafin aikin."

Ta leƙa bayana. "Kawu, an ce in gwada takawa?"

Ya ɗaga kai. Ta miƙa masa hannu biyu ya tashe ta. Ni aka miƙo wa sandar.