Ganyen da Aka Hana Safiyatu

Shekara huɗu ke nan da aka tsaga ƙirjin Safiyatu, aka cire wata 'yar ƙofa da ta lalace a cikin zuciyarta, aka sa ta ƙarfe. Ranar sallama likitoci suka ɗora wa uwarta Maijidda doka: ƙwayar tsinka jini kullum har ƙarshen rai, kuma a riƙa auna jinin. In ya yi kauri zai daskare a jikin ƙarfen. In ya tsinke da yawa zai zuba ya ƙi tsayawa. Kowanne aka samu, rai ne. Maijidda ba ta san ko bihim ba a boko, amma wannan ta riƙe shi gam, ƙwayar nan ba ta taɓa wuce la'asar ba a sha ta ba.

Sai fari ya zo. Ruwa ya ɗauke a ƙauyensu Kurawa gero yana shirin fid da kai, ya ƙone a tsaye. Kafin bazara kowane gida ya koma ganye: busasshiyar tafasa, yaɗiya, zogale in an samu. A dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli, a ci a sha ruwa a gode Allah.

Da can Sakkwato suke zuwa awon jini. To hanya ta yi nisa kuma ba lafiya, sai ga Wakili ya buɗe ɗakin magani a Isa, har da 'yar na'urarsa ta awo. Halliru mijin Maijidda, Wakili ɗan wansa ne. Kowa likita yake ce masa, wanda ya ba shi likitancin kuwa Allah kaɗai ya sani. Ya soki yatsan Safiyatu, ya dubi na'ura, ya taɓe baki.

"Jinin ga ya yi kauri. Mi taka ci?"

"Abin da kowa ka ci mana," in ji Maijidda. "Tahwasa da yaɗiya."

"Ganye? Inna, kashe ta kika son yi? Ganye shi ka karya maganin ga! Daga yau ko warinai kar ta ji. Ƙwaya kuma a ninka."

A gaban mutane ya faɗa mata wannan, yana nuna ta da biro, yaron da ta goya a bayanta tun yana jinjiri. Ta haɗiye. In dai ran ɗiyarta ne, ko zaginta ya yi za ta ce na gode.

Ta dawo gida ta kafa doka. Ɗan geron da ya rage a gindin rumbu ya zama na Safiyatu ita kaɗai, kunu tsararo safe da maraice, sauran gida su ci ganye. Kunun me zai riƙe budurwa 'yar shekara goma sha tara? Yarinya ta zube, wuya ya fito. Mako na uku dasashinta ya fara jini in ta yi asuwaki. Daga nan sai haɓo, wanda ake toshewa da tsumma ya jiƙe a sake wani. Suka koma Isa. Wakili ko sukar yatsan bai yi ba, wai kayan awon sun ƙare.

"Alamar magani na aiki ta," ya ce. "Ku ci gaba. Ita dai kar ta ci ganye."

Wata ranar Talata da hantsi Maijidda ta dawo daga rijiya, ta tarar da Safiyatu tsugune bayan rumbu da akushin kwaɗon ubanta, tana turawa hannu baka hannu ƙwarya. Idon Maijidda ya rufe. Ta damƙi hannun ta murɗe, ta ɗauke ta da mari, akushi ya kife a ƙasa.

"Mutuwa kika so? Duk wahalar da munka sha, don ki kashe kanki da tahwasa?"

"Inna, yunwa nika ji," in ji Safiyatu. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kashegari hannun ya yi baƙi ƙirin tun daga wuyan hannu har gwiwa, kumatu ya kumbura. Da safe kuma fitsarinta ya fito ja. Maijidda ta dubi wannan, ta ce a'a, wannan ba aikin magani ba ne, ko uban wa ya faɗa. Ta sami Halliru a zaure yana gyaran igiyar guga.

"Malam, Sakkwato za ni da yarinyar ga. Wani likita shi duba ta."

"Wani likita? Ga ɗanmu na gida? In Wakili ya ji mun tsallake shi, da wane ido za ni dubi yaya?"

"Da idon da za ka dubi likkahwanin ɗiyarka!"

"Maijidda, ki iya bakinki."

"Na iya shi mako biyar, ga abin da ya jawo. Kunyar yaya, kunyar yaya! Jini na zuba kana maganar kunya? In za ka, tashi. In ba za ka ba, matsa min."

Bai tashi ba, bai kuma hana ba. Haka Halliru yake tun fil azal, ya bar mutum ya ɗauki kaya shi kaɗai, in ya yi kyau ya ce da shawararsa. Babur ya kai su Isa. Suka wuce ta ƙofar ɗakin Wakili, yana zaune a benci yana yankan farce, Maijidda ko kallon banza ba ta yi masa ba. Suka shiga motar Sakkwato, Safiyatu jingine da kafaɗarta, tsumma a hanci.

Likitar da suka samu mace ce, Fadima, ba ta da yawan magana. Ta sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya dawo ta dube shi sau biyu, ta ɗaga kai.

"Wa ya ninka mata ƙwayar nan?"

Maijidda ta kwashe labari kaf, har da hanin ganye.

"Gaskiya ne ganye yana rage ƙarfin maganin," in ji likita. "Amma ba hana shi ake yi ba, Inna. Ta ci abinta kullum daidai gwargwado, mu kuma mu daidaita ƙwaya da awo. Shi ya cire ganye, ya ninka magani, ga yunwa, kuma bai sake aunawa ba. Jinin nan ya koma kamar ruwa. Da kun ƙara kwana biyu zai iya ɓalle mata a cikin kai."

"Ke nan da ta ci ganyen..."

"Da ya taimake ta. Maganin da za mu ba ta yanzu don jinin ya tsaya, abin da ke cikinsa shi ne ke cikin ganyen."

Haushi Maijidda take ji, haushin da bai taɓa kama ta ba tunda aka haife ta. Da Wakili yana kusa, wallahi sai an ɓamɓare ta daga wuyan rigarsa. Ta tsine wa bironsa da na'urarsa da bencinsa a cikin ranta, ta haɗa da kunyar Halliru.

Aka kwantar da Safiyatu a gado. Likita tana neman jijiyar da za ta sa allura, ta janye mayafi, sai ta tsaya. Ta juya baƙin hannun a hankali. Shatin yatsu huɗu ne a kai, ga na babban yatsa a ɗaya gefen. Ta dubi kumatun.

"Wannan ba da kansa ya fito ba. Wa ya taɓa ki?"

"Hwaɗuwa niy yi bakin rijiya," in ji Safiyatu da sauri, ba ta yarda ta dubi uwarta ba.

Maijidda ta dafa ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Ƙarya takai, likita. Ni ta. Ni nib buge ta." Muryarta ta karye. "Ganye nik kama ta tana ci."